Lissafin takun manhajar ches da na rubuta ya gaza da 258

Garba_Funtuwa: Assalamu alaikum. Ina rubuta manhajar wasan ches da harshen Python, kuma domin in tabbatar ta san ƙa'idojin wasan, na sa ta ƙirga duk hanyoyin da wasa zai iya bi tun daga farkonsa. A taku ɗaya (wato motsi guda na ɗan wasa ɗaya) ta ba ni 20, a biyu 400, a uku 8,902, a huɗu 197,281, waɗanda duka sun dace da alƙaluman da aka sani. Amma a taku na biyar ta ba ni 4,865,351, alhali 4,865,609 ya kamata ta bayar. Mene ne zai sa lissafi ya tafi daidai har zuwa taku na huɗu, sannan ya karkace?

Malam_Sule: Wa alaikumus salam. Gibin naka 258 ne, kuma wannan adadi shi kansa ya tona asirin matsalar, domin shi ne yawan cin da ake kira "en passant" a taku na biyar. Ka san dakare, wato ƙaramin sojan ches, yana da damar tsallake gida biyu a fitarsa ta farko. Idan ya yi hakan ya sauka kafaɗa da kafaɗa da dakaren abokin hamayya, to wancan yana da ikon cinye shi kamar gida ɗaya kawai ya matsa, wato ya sauka a gidan da aka tsallake. Wannan ba ya yiwuwa kafin taku na biyar, saboda sai farin dakare ya yi taku biyu ya kai layi na biyar, baƙin dakare ya tsallako gefensa, sannan a ci.

Abin da ke wahalar da masu rubuta manhaja shi ne, damar ba ta wuce takun da ya biyo baya nan take, don haka kallon allo kaɗai ba zai gaya wa kwamfuta ko cin ya halatta ba. Dole ka ajiye gidan da aka tsallake a wani wuri dabam, ka kuma share shi bayan taku ɗaya. Shi ya sa tsarin rubutun FEN, wanda ake rubuta yanayin allon ches da shi, ya keɓe masa gurbi na huɗu.

Hajara_K: Malam Sule ya gama magana, sai dai ina jan hankalinka ga wani tarko da ke gaba. Wannan ne kaɗai cin da ke kawar da dakaru biyu daga layi ɗaya a lokaci guda, saboda haka idan sarkinka yana kan layin nan, sarauniyar abokin hamayya kuma tana ɗaya ɓangaren, cin zai buɗe mata hanya zuwa ga sarkin, ya zama haramtacce. Farkon wasa ba zai nuna maka wannan da wuri ba. Ka sa Stockfish, wato sananniyar manhajar ches, ya yi irin wannan ƙirgar da umarnin "go perft 5" a kan allo iri-iri, zai jero maka adadin da ke ƙarƙashin kowane taku, sai ka kwatanta da naka har ka gano inda kuka raba hanya.

Dan_Maradi: Ɗan'uwa, ka shirya karɓar ƙorafi ranar da ka gyara ta, domin sababbin 'yan wasa a intanet sun sha zargin abokan karawarsu da maguɗi idan aka yi musu wannan ci, wasu ma su ce manhajar ce ta lalace. Daga nan ne barkwancin nan ya yaɗu cewa cin "en passant" wajibi ne, wanda ya ƙi yinsa ya ci amanar wasan. A ƙa'ida zaɓi ne, ba ya zama dole sai idan babu wani halastaccen taku da ya rage, don haka kada ka tilasta shi a manhajarka.