Neman kalma: me za mu kira sanarwar hukumar ruwa idan famfo ya gurɓace?

'Yan uwa masu fassara, ku zo mu kashe wannan magana. Jiya ina aikin wani labari na ci karo da abin da Turawa ke kira boil water advisory, wato saƙon da hukumar ruwa ke aika wa jama'a ta rediyo, ta saƙon waya, ko ta takardar da ake rataya wa a ƙofar gida, cewa kada a sha ruwan famfo sai an tafasa shi. Ana fitar da shi idan babban bututu ya fashe, ƙarfin ruwa ya ragu har ƙazanta ta samu hanyar shiga, ko gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta irin su E. coli.

Wani malami ya ce mu ce "shawarar tafasa ruwa". Allah ya gafarta malam, ban yarda ba. A Hausa shawara abu ne da in ka ga dama ka ɗauka. A garin Walkerton na Kanada, a shekarar 2000, mutum 7 suka mutu, fiye da 2,000 suka kwanta, saboda gurɓataccen ruwan famfo da aka makara wajen faɗa wa mutane. Wannan ya wuce shawara. "Sanarwa" kuma ta yi sanyi, ita ake yi wa ɗaurin aure da ƙarin kuɗin wuta. A dokar Amurka, saƙonnin matsalar ruwan sha mataki uku ne gwargwadon haɗari: na farko dole ya isa ga jama'a cikin awa 24, na biyu cikin kwana 30, na uku cikin shekara. Na farkon nan gargaɗi ne.

To amma "gargaɗin tafasa ruwa" ma akwai tarko a ciki. Ku karanta shi da ƙarfi. Kamar "gargaɗin shan taba" yake fita, sai mai sauraro ya ɗauka tafasawar ake hana shi. A rediyo, inda ake jin abu sau ɗaya ya wuce, wannan kuskure ne mai tsada.

Ni dai ina ganin mu bi hanyar da harshen ya saba, wadda ta ba mu a-ci-balbal da a-kori-kura. Mu ce gargaɗin a-tafasa. Umarnin yana cikin sunan.

Wata Hajiya a cikinmu ta ce gara mu ce "a-dafa". Dafa ruwa ana faɗa, gaskiya ne, amma wani zai ɗora tukunya, ya ga tururi ya fara tashi, ya sauke. Abin da ake so shi ne ruwan ya tafarfasa yana ɓulɓula har tsawon minti 1, ko minti 3 a wuraren da tsayinsu ya haura mita 2,000, domin a can ruwa kan tafasa tun bai yi zafi sosai ba. Tafasa ce kaɗai ke ɗauke da wannan hoto.

Abin da ya fi sa na riƙe wannan tsari shi ne gargaɗin ba ɗaya ba ne. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, ba ta cire guba. A watan Agustan 2014, a garin Toledo na jihar Ohio a Amurka, gubar gansakuka daga tafkin Erie ta shiga ruwan gari, aka ce kada a sha, kada ma a tafasa, don tafasawa rage ruwa take yi ta bar gubar ta ƙara kauri. Haka dalma take, kamar yadda aka gani a garin Flint na jihar Michigan, inda ta shiga ruwan famfo. Wannan sai mu kira shi gargaɗin kar-a-sha. Akwai na uku, irin wanda aka yi wa mutum kusan 300,000 a jihar West Virginia ta Amurka a Janairun 2014 bayan sinadari ya malala a kogin Elk, inda ko wanka da wanki aka hana: gargaɗin kar-a-taɓa.

Saura kalmar ƙarewa. Idan gwaji ya nuna ruwa ya gyaru, wasu sun rubuta "an ɗage gargaɗi". Amma ɗage zaɓe ai jinkirta shi ne, wani zai zaci gaba aka kai. Ni "an janye" zan rubuta, sai dai in wani ya kawo wadda ta fi ta kafin gobe da safe.