Neman shawara: Talabijin ɗaya, ra'ayi biyar, ko in cire satalayit ɗin kowa ya huta?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni magidanci ne a Kano, ina zaune da mahaifiyata, da maiɗakina, da 'ya'yanmu huɗu, da kuma ƙanwar maiɗakin nawa mai shekara 17 wadda take karatu a hannunmu. Talabijin ɗaya gare mu a falo, kuma ƙaramin sola muke amfani da shi, wanda batirinsa ba ya wuce awa uku da dare idan an haɗa da fanka. A kan waɗannan awa ukun ake tafka rigima kusan kullum bayan sallar isha'i.

Ni labarai nake so, da shirye-shiryen bincike da na tarihi, domin a ganina su ne masu ƙara ilimi. Maiɗakina tana bin wasannin kwaikwayo masu dogon zango, yara kuma barkwanci suke so, Hajiya ma tana bayansu. Ita kuwa yarinyar nan, na lura hankalinta ya tafi ga irin shirin nan da ake tara samari da 'yan mata a gida ɗaya ana ɗaukarsu dare da rana, har na taɓa iske ta tana kallonsa da rana ta rage murya.

Abin da ya sa na kawo maganar shi ne abin da ya faru makon jiya. Na karɓe rimot na ce yau kowa zai kalli abu mai amfani, na sa wani shirin bincike a kan 'yan bindigar daji. Ɗana na biyu mai shekara 9 ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba, amma cikin dare ya taso yana kuka ya rungume mahaifiyarsa, kuma har yau ba ya yarda ya fita tsakar gida shi kaɗai idan duhu ya yi. Maiɗakina ta ce barkwancin da nake rainawa bai taɓa hana yaro barci ba, na rasa amsar da zan ba ta. Yanzu ina tunanin ko dai in cire satalayit ɗin gaba ɗaya, ko in tsara wa kowa ranarsa. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, don Allah ku ba ni shawara.

Tsohon malamin makaranta, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a zo maganar cirewa ko bari, akwai kuskure ɗaya a lissafinka da ya kamata a gyara, wato ɗaukar da ka yi cewa barkwanci ɓata lokaci ne, labarai kuma ilimi. Mu da muka ga lokacin da ake buɗe tasha da yamma a rufe da tsakar dare da taken ƙasa, mun san cewa mafi yawan wayar da kan da aka yi wa jama'ar Arewa ta talabijin da dariya aka yi shi. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda kowa ya sani da Samanja, tsohon soja ne, kuma da Hausar bariki da muzurai ya fahimtar da farar hula yadda rayuwar soja take, a lokacin da mutane da yawa ke tsoron ko da wucewa ta ƙofar bariki. Haka marigayi Ƙasimu Yero da Karkuzu na Jos, haka wasannin da CTV ta Kano ta riƙa yi, tashar da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yanzu ake kira ARTV. Maganar da ba za a iya faɗa wa mai unguwa ko ɗan kasuwa mai algus ido da ido ba, sai a sa ta a bakin wawan wasa, a yi dariya, saƙon kuma ya isa.

Ba na cewa duk barkwancin yanzu haka yake. Akwai wanda ba komai cikinsa sai ashar da kwaikwayon masu lalura da izgili ga wasu ƙabilu, kuma irin wannan ko ni ba na bari a kalla a gabana. To amma tantancewa ake yi, ba a haɗa su a yi musu kuɗin goro. Gidan Badamasi, alal misali, dariya ake yi daga farko har ƙarshe, amma duk wanda ya kalla ya ga abin da tara 'ya'ya ba tarbiyya da kwaɗayin gado ke haifarwa.

Sannan ka ce Hajiya tana bayan yara. Ka tsaya a nan ka yi tunani. Tsohuwa ba ta fita kasuwa, ba ta zuwa ofis, ƙawayenta kuma kullum raguwa suke yi. Idan akwai rabin awa a dare da take dariya tare da jikokinta har ta share hawaye da gefen mayafi, ni ban ga labaran da suka kai wannan daraja a gidanka ba.

Wata uwa daga Zariya:

Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A duk bayaninka ban ji inda ka ce kun zauna kai da uwargida kun yi shawara ba, sai dai ka karɓe rimot. Ita ce take wuni da yaran, ita ta san wanda ke firgita da wanda ke kwaikwayon duk abin da ya gani, don haka ita ya kamata ka fara tambaya kafin mu. Kuma wasannin da take bi ba duka ne soyayya ba. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya taɓo rayuwar 'yan gudun hijira da shaye-shaye da almajirci, Kwana Casa'in kuma siyasa ce da cin hanci da aikin jarida tsantsa, wanda na tabbata da ka zauna ka kalla da kai ma ka kamu.

Maganar ƙanwar tata ita ce ta fi damuna, domin na taɓa fuskantar irinta da 'yata. Idan Big Brother Naija kake nufi, su kansu masu shirin sun sa masa alamar shekara 18, saboda haka yarinya mai 17 ba ta kai ba ko a ma'auninsu, balle a namu. Sai dai ka sani cewa cire satalayit ba zai raba ta da shi ba, domin gutsattsarinsa sun cika Facebook da TikTok, kuma a makaranta ƙawaye za su ba ta labarin abin da ta rasa. Abin da ya yi mini amfani shi ne na zaunar da 'yata na tambaye ta abin da yake burge ta a ciki. Sai na tarar ba abin da nake tsoro ba ne ya ja ta, gasar ce: wa za a kora ranar Lahadi, wa jama'a za su zaɓa, wa ya ci amanar wa. Daga nan na fahimtar da ita cewa abin da ake kira rayuwa ta zahiri a irin wannan shiri, mutane ne da aka tace aka zaɓo, sun san kyamara na kansu, sun kuma san wanda ya fi tayar da ƙura shi ake magana a kansa. Na hana ta kallo, amma da hujja na hana, kuma na nemo mata gasar girki da ta kacici-kacici a madadinsa. Wannan magana kuma yayarta ce ya dace ta yi mata, ba kai ba, saboda akwai kunya tsakaninku.

Ɗan jarida mai ritaya, Abuja:

Ranka ya daɗe, ni zan tsaya a kan abin da ya sami yaron, domin ɓangaren da na yi aiki a kai ke nan. Shirin bincike ba don yara ake yin sa ba, kuma ingancinsa ma shi ne yake sa ya yi musu nauyi. Babba idan ya ga ɗan bindiga yana magana a allo, ya san a wace jiha abin yake, ya san nisan wurin da gidansa, ya san an ɗauki hoton watanni da suka wuce. Yaro mai shekara 9 bai da wannan ma'aunin. A wurinsa mutumin yana nan yanzu, da Hausa yake magana kamar maƙwabcinku, kuma daji na iya zama bayan katangarku. Fim ɗin faɗa ma ya fi sauƙi, domin za ka iya ce masa wasa ne, amma wannan kai da kanka ka gaya masa gaskiya ne kafin a fara.

Kada wannan ya sa ka raina irin waɗannan shirye-shirye. A 2018 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da shiri a kan shan maganin tari mai kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a nan Kano taku, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin da sarrafa shi. A 2022 kuma shirye-shiryen da aka yi a kan 'yan bindigar Zamfara sun jawo ce-ce-ku-ce har hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, wato NBC, ta ci tarar tashar Trust TV naira miliyan 5, wasu na cewa an ɗaukaka 'yan ta'adda, wasu na cewa an fito da abin da ake ɓoyewa. Abin da manya suka kasa daidaitawa a kansa, ba a ɗora wa yaro shi ba tare da shiri ba.

Shawarata ita ce ka riƙa kallon irin wannan kai kaɗai tukuna, galibinsu suna YouTube, ka ga ko ya dace da falo. Wa yara kuma ka nemi na namun daji, da na teku, da na yadda ake ƙera abubuwa, da na tarihin garuruwa, domin su ma bincike ne, kuma za ka sha mamakin tambayoyin da za su biyo baya. Game da labarai, gaskiya ba ka buƙatar cinye batir a kansu. Rediyo na nan da safe, BBC da DW da RFI duk suna da sashen Hausa, ga tashoshin FM na Kano. Tashoshin labarai na awa 24 maimaici ne mafi yawa, labari ɗaya sai a juya shi sau goma da baƙi masu gardama. Idan labaran NTA na ƙarfe 9 ne ba ka son ya wuce ka, kanun labaran da rubu'in awa na farko sun ishe ka.

Shi kuma yaron, kada a ce masa ba komai, domin ya gani da idonsa. A nuna masa a taswira inda abin yake da inda kuke, a bar shi ya faɗi abin da ya fi ba shi tsoro, a riƙa yi masa addu'ar barci tare, kuma a ɗan raba shi da labaran hare-hare na wani lokaci. Idan aka yi makonni abin bai sauka ba, a kai shi wurin likita.

Mai gyaran satalayit, Katsina:

Yallaɓai, kusan kowace dikoda tana da wurin kulle tasha da lambar sirri a cikin saitinta, kuma wasu suna ba da damar kulle duk shirin da ya haura shekarun da ka zaɓa. Abin da mutane ke mantawa shi ne sauya lambar da dikodar ta zo da ita daga kamfani, wadda yaran yanzu duk sun haddace. Ka sauya ta, ka ba uwargida, kada ka rubuta a bayan rimot kamar yadda na tarar a wani gida. Idan kuma talabijin ɗin tsohon samfuri ne, ka rage hasken allon, batirin zai ɗan ƙara jimawa.

Wani magidanci daga Maraɗi:

Ni ra'ayina ya bambanta da na sauran, domin na taɓa cire tawa har shekara guda, kuma ban yi nadama ba ta fuskar karatun yara, don kuwa haddarsu ta ƙaru, barci ma suna yi da wuri. Abin da ya sa na mayar shi ne na gano cewa gidan maƙwabta suke zuwa, inda ban san abin da ake kunnawa ba, kuma ba ni da bakin cewa a sauya. Da na mayar sai na sa sharaɗi ɗaya, cewa ba a kunna ta sai da babba a zaune. Idan za ka iya tsare ƙofar gidanka, cirewa ba laifi ba ce, amma a unguwa mai cunkoso irin na Kano ina shakkar hakan.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya ta Zariya, maganarki ta yi zafi amma gaskiya ce, kuma daren jiya mun zauna da maiɗakina. Mun yanke cewa satalayit zai zauna. Awa ta farko bayan isha'i ta Hajiya ce da jikokinta, ta biyu ta maiɗakina a ranakun da ake sa shirinta, ni kuma na koma rediyo da safe, sai abin da ya rage na batir idan yara sun kwanta. An sauya lambar sirri, kuma ita za ta yi wa ƙanwarta magana a ɗaki. Yaron ya kwana biyu bai farka ba, ko da yake har yanzu sai an raka shi tsakar gida.

Saura abu ɗaya da ban samu mafita ba. Babban ɗana mai shekara 13 ya ce rabon bai yi adalci ba tun da ba a sa ƙwallon ƙafa a ciki ba, kuma wasannin Turai na tsakiyar mako suna faɗawa daidai lokacin shirin mahaifiyarsa. Ban so ya fara zuwa gidan kallo da dare. Ko akwai wanda ya san yadda ake raba wannan?