Juriya, turjiya ko tarewa? Neman sunan abin da ke hana zafin kwano sauka ɗaki

Mai neman kalma, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara wata 'yar takarda da za a raba wa kafintoci da masu sayar da kayan rufi kafin bazara ta kama, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira thermal resistance. Ma'anarsa ba ta da wuya. Rana ta gasa rufi, zafi na neman hanyar sauka ɗaki, to wane irin tsaiko kwano ko silin ko laka ke yi masa kafin ya wuce? Ana auna wannan da lamba, har a buga ta a jikin kaya da harafin R. Kalmar da nake nema ita ce wadda kafinta zai faɗa wa mai gida a bakin aiki ya gane nan take, ba sai an zauna karatu ba.

Ɗalibin zanen gine-gine, Samaru:
Wa alaikumus salam Yaya. Ai da sauƙi, juriyar zafi. Haka muke faɗa tsakaninmu.

Mai neman kalma:
Ƙanena, wannan ce ta fi saurin zuwa baki, kuma ita ce na fi gudu. Kwano ai gwanin juriya ne. Yana shekara ashirin rana na dukansa, bai narke ba, bai ƙone ba. Amma duk zafin da ya sha, ɗaki yake miƙa wa. Idan na rubuta cewa a nemi rufi mai juriyar zafi, mai shago zai ɗaga kwano ya ce ga shi, kuma bai yi ƙarya ba. Juriya tana magana ne kan abin da zafi ke yi wa kayan, ni kuwa damuwata abin da kayan ke yi wa zafin.

Malamar fiziks, Samaru:
Malam, kafin a raɗa suna bari a ga jaririn. Lissafin lambar R raba abu biyu ne kawai: kaurin kaya a mita, a raba da yadda kayan ke miƙa zafi. Ƙarfe yana miƙawa da kusan 50, alminiyam ya haura 200, kankare wajen 1.5, katako wajen 0.13, audugar gilas da ake shimfiɗawa a kan silin 0.04, farin soson nan da ake ƙunshe firji da talabijin a kwali ɗan ƙasa da haka kaɗan. Iskar da ke tsaye ba ta motsi 0.026.

Kwanon ƙarfe mai kaurin rabin milimita, idan ka raba 0.0005 da 50, za ka samu 0.00001. Wato babu. Ɗan tsaikon da ake samu a rufin kwano daga siririyar iskar da ke manne da fuskokinsa yake zuwa, ba daga ƙarfen ba. Audugar gilas mai kaurin santimita 10 kuwa tana ba da 2.5. Kafin kankare ya kai wannan, sai an zuba shi kaurin da ya kusa mita 4. Amfanin lambar shi ne, idan bambancin zafi tsakanin saman silin da cikin ɗaki digiri 25 ne, mai lamba 2.5 zai bar zafin wat 10 kawai ya wuce ta kowane murabba'in mita.

Ku lura, ba gilas ɗin ke aikin ba, iskar da ya ɗaure a tsakanin zarurukansa ce. Ni dai turjiyar zafi nake cewa a aji, domin da turjiya nake fassara makamancinsa a darasin lantarki, kuma lissafinsu iri ɗaya ne: ka jera kaya biyu, lambobinsu su haɗu.

Kafinta, Sabon Gari:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Amma wallahi in na ce wa Alhaji silin ɗin nan yana da turjiya, zai ɗauka ya ƙi shan ƙusa ne. Mu a wurin aiki cewa muke yi wannan yana tare zafi, wancan ba ya tarewa. Duk wanda ya taɓa shiga tsakanin kwano da silin da azahar a watan Afrilu ya san abin da ake tarewa. Guduma in ka ajiye ta kan katako kusa da kwano, sai ka naɗe hannu da tsumma kafin ka ɗauka. Zufa na ɗiga kan silin kana jin ƙararta. Ka sauko ɗakin da aka yi wa silin na roba siriri, ka ɗaga tafin hannu sama, za ka ji zafin na sauko maka a ka kamar kana tsaye kusa da murhu.

Kuma abin da Malama ta faɗa kan iska na gan shi da idona. Yara suna taka audugar su danne ta wurin jan waya, ko rufi ya yi yoyo ta jiƙe. Daga ranar ta tashi aiki, ko da lambar jikin ledarta ta kai nawa.

Mai neman kalma:
Oga, tarewa ta shige ni. Malama, turjiya daidai take a allo, ban ja da ke ba, sai dai takardar nan ba ɗalibai za su karanta ba. Abin da ya ƙara min son tarewa shi ne ba ta zaɓi ɓangare ba. Ana tare abu kada ya shigo, ana tare shi kada ya fita. A bazara zafin waje ake tarewa, a hunturu lokacin da sanyin Samaru ke hana mutane wankan asuba, ɗumin ɗaki ake tarewa kada ya tsere ta sama. Kular abinci ma haka take, ita ke ajiye tuwo da zafinsa, ita ke ajiye ƙanƙara. Wani ya turo min hana zafi, amma hanawa ta yi alkawarin da babu kayan da zai cika, domin zafi ko yaya sai ya ɗan wuce. Kare zafi kuma, a wayoyin da ba su da ƙ mai lanƙwasa, ba a san ko kariya ake nufi ko ƙarewa ba.

Jikan wani magini, cikin Birni:
Na karanta wa kakana, ya ce in rubuta muku haka. Ya ce 'ya'yana, kun yi ta lissafin kwano kun manta soro. A da ana jera azara ta giginya, a shimfiɗa zana a kai, a ɗora laka da kauri, a bi ta da laso don ruwa, bango kuma a shafe shi da makuba ta kwasfar ɗorawa. Ya ce ku tuna tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara aka ɗaga shi, ba a sa kwano ko ɗaya ba. Ɗakin soro da azahar sai ka nemi mayafi. To a lissafin Malama soro ne na ɗaya ko?

Malamar fiziks:
Baba, barka da hutawa, a gaishe shi da kyau. Amsar za ta ba shi mamaki. Laka tana miƙa zafi tsakanin 0.5 da 1, gwargwadon irin ƙasar da bushewarta. Rufin laka mai kaurin santimita 30 lambarsa ba ta wuce 0.3 zuwa 0.6. Ta ninka kwano nesa ba kusa ba, amma audugar gilas ta santimita 10 ta fi ta sau huɗu ko fiye. Sirrin soro wani ne daban. Laka mai kauri tana shanye zafin rana ta riƙe shi sa'o'i, ba ya isa ɗaki sai rana ta faɗi. A tambayi Baba, a tsakiyar bazara bayan isha'i a ɗakin soron ake kwana ko a tsakar gida?

Jikan magini:
Ya yi dariya, ya ce tabarma ake fitarwa, sai asuba a koma. Ya ce wannan a wurinsu ai riƙe zafi ne, bango ya riƙe zafi.

Mai neman kalma:
To Baba ya raba gardamar da ban ma san tana tafe ba. Da na so in sa riƙe zafi a matsayin kalma ta biyu mai ma'ana ɗaya da tarewa, ashe aiki biyu ne, kuma Turawan ma suna daban suke ba wannan. Jinkar ciyawa tarewa take yi, domin iska ce cike a cikinta. Soro riƙewa ya fi yi. Takarda ɗaya da ta haɗa su da suna ɗaya za ta sa mai gida ya zuba rufin kankare yana jiran sanyi, dare ya yi ya rasa inda zai sa kansa.

Kafinta:
Saura takardar alminiyam mai ƙyalli da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano. Siririya ce kamar ledar burodi, amma tana aiki. Ita a wane layi take?

Malamar fiziks:
Layi na uku, Oga. Kaurinta ba ya tare komai, mayar da zafin take yi inda ya fito, kamar yadda farin fenti ke yi a saman kwano. Sharaɗinta biyu: a bar mata sarari na iska a gefen da ke ƙyalli, kada a manna ta da kwano, sannan fuskar ta zauna da tsabta. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kai, aikinta ya ragu. Wani abin kiyayewa kuma, kayan da aka shigo da su daga Amurka lambarsu ba irin tamu ba ce, da ƙafa da ma'aunin Farenhait suke lissafi. Ka raba tasu da 5.68. Wanda aka rubuta wa R-13 a can, a namu lissafin wajen 2.3 ne. Kada mai shago ya jera 13 kusa da 2.5 ya ce na farko ya ninka.

Ɗalibin zanen gine-gine:
Na janye juriya, Yaya, amma a bar min ita ga bulon da ake gina tanda da shi. Shi kuma kayan da ake shimfiɗawar fa? Matarin zafi?

Mai neman kalma:
An bar maka, can ne gidanta. Matari ya yi min nauyi a baki, kamar ana maganar ɗan fashi. Makarin zafi na fi so, tunda kunne ya saba da makarin guba, kuma ba a rikita shi da komai a rubuce. Ga yadda zan sa a takardar: thermal resistance ƙarfin tare zafi, lambar R lambar tare zafi, kayan shimfiɗar makarin zafi. Na soro riƙe zafi, na takarda mai ƙyalli mayar da zafi. Jimlar gwaji: "Makarin zafi mai kaurin santimita 10 lambar tare zafinsa 2.5 ce, muddin bai jiƙe ba kuma ba a danne shi ba." Oga, ka karanta wa yaranka a shago gobe, in akwai inda suka tsaya tambaya ka faɗa min kafin a kai wa mai ɗab'i.

Malamar fiziks:
Na yarda, amma a ajina turjiya na nan har sai an samo wa lantarki wata. Kuma 0.04 ɗin nan da 50 da na yi ta kira "yadda kaya ke miƙa zafi" har yanzu ba su da suna gajere. Saurin miƙa zafi nake tunani, ko da yake ba gudu ake aunawa ba, yawa ne.