Manhaja tana faɗuwa da zarar na kwafi abin motsi a C++: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Sabon_Hannu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana uku ina fama da wani ɗan wasan kwamfuta da nake rubutawa. Ina da kilas mai suna `Animation`, a cikinsa akwai manuni, `Frame* frames`, wanda nake cikawa da `new[]` a kwanstirakta, in share da `delete[]` a distirakta. Idan dodo ɗaya ne a allo, lafiya lau. Da na ce bari in yi goma, na zuba su cikin jeri, wato `std::vector`, sai manhajar ta kife. Abin haushin, ba a layin kwafin take faɗuwa ba. Wani lokaci sai an zo zana firam, wani lokaci sai na rufe wasan. Saƙon ƙarshe da na gani shi ne `free(): double free detected in tcache 2`. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari.

Tsohuwar_Zuma

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wannan ramin kusan kowa ya faɗa. Ni sati guda na yi ina zargin katin hoto, har direbansa na sauya, ashe ɓarawon yana cikin gida.

Tunda ba ka rubuta kwanstirakta na kwafi ba, kwamfaila ce ta rubuta maka nata, ita kuwa adireshin da ke cikin manunin kawai take kwafa, ba firam ɗin ba. Sai ya zama abu biyu suna riƙe da ɗaki ɗaya, kowa yana ganin nasa ne. Ka yi `push_back`, na wucin gadin ya mutu, ya share firam ɗin, na cikin jerin ya rage da adireshin kango. In ka zana, ka karanta abin da aka riga aka sake. In ka rufe, a share wuri ɗaya sau biyu. Shi ya sa kake ganin gawar nesa da inda aka yi kisan. Kuma duk lokacin da jerin ya cika ya nemi wuri mafi girma, sai ya sake kwafe kowa ya rushe tsofaffin.

Tsohuwar ƙa'ida ita ce: in ka rubuta distirakta, ka rubuta kwanstirakta na kwafi da `operator=`. Daga C++11 suka zama biyar, aka ƙara biyu na matsarwa. Amma ni shawarata, ka cire manunin gaba ɗaya ka sa `std::vector<Frame>`, ka goge distiraktan. Kafin nan, don ka ga girman ɓarnar, rubuta `Animation(const Animation&) = delete;` ka harhaɗa. Kwamfaila za ta tona maka duk inda ake kwafi a ɓoye.

Ƴar_Lissafi

Malam Tsohuwar_Zuma ya yi gaskiya, sai dai ni na bi wannan shawarar tun farko kuma ban tsira ba. Firam ɗina suna cikin `std::vector`, amma ina da `Frame* current` mai nuna wanda ake kai. Da aka kwafa, sabon abu ya samu firam nasa daban, shi kuwa `current` yana nan yana nuna cikin tsohon. Muddin tsohon na raye, komai yana tafiya, sai dai motsin ya riƙa yin wani iri. Yana mutuwa, sai faɗuwa.

A Visual Studio na kama shi. Na tsayar da manhajar, na duba faɗin firam, na ga `0xDDDDDDDD`. Wannan ita ce alamar da ake cika wurin da aka sake da ita a yanayin gwaji. `0xCDCDCDCD` kuma wurin da aka karɓa ba a rubuta komai ba. Tun daga ranar na koma ajiye lambar firam maimakon manuni. Ku kuma lura da lamda mai kama `this`, irin wadda ake kira idan motsi ya ƙare. Ita ma tsohon take bi, kuma ba ta nuna kanta a jerin mambobi kamar manuni.

Dogon_Dare

Nawa ya fi naku ban dariya, ko da yake a lokacin ban yi dariya ba. Na gaji wani aiki da wanda ya riga ni ya yi rumbun abubuwan motsi, yana kwafarsu da `memcpy` wai don sauri. Shekaru yana aiki, domin lambobi ne zalla a ciki. Ni ne na ƙara `std::string name`. Daga nan aka shiga uku.

Abin da ya rikita ni, saƙon yana sauyawa da tsawon suna. A laburaren kwamfailar GCC, rubutun da bai wuce harafi 15 ba a cikin abun kansa ake ajiye shi, manunin yana nuna cikin jikinsa. In ka kwafa da `memcpy`, manunin sabon yana nuna jikin tsohon, ya zo mutuwa ya yi ƙoƙarin sakin wurin da ba a taɓa karɓa ba: `free(): invalid pointer`. In sunan dogo ne kuma, a share sau biyu. Tun GCC 8 akwai gargaɗin `-Wclass-memaccess` kan wannan, amma mutumin ya juya manunin zuwa `void*`, gargaɗin ya yi shiru. Allah ya yafe masa.

Mai_Fitila

Ku daina wahalar da kanku da zato. Harhaɗa da `-g -fsanitize=address`, GCC da Clang duk suna da shi. Zai ba ka wuri uku: inda aka karɓi memori, inda aka sake shi, da inda aka sake taɓa shi. Matsalar Sabon_Hannu ba za ta ɗauki minti biyar ba.

Baƙin_Allo

Mai_Fitila, ba kowace cuta yake gani ba. Ni na rubuta kwanstirakta na kwafi da hannuna, daidai. Bayan wata biyu na ƙara `int index` a kilas ɗin, na manta ban sa shi a kwafin ba. A yanayin gwaji ba ya faɗuwa, da `-O2` na ginin sauri kuwa sai ya ga dama. Na kunna abin da ka faɗa, ya yi gum, domin ba aikinsa ba ne gano karanta abin da ba a ba shi ƙima ba, kuma a wannan ginin shara ta faɗo cikin iyaka. Valgrind, wani kayan binciken memori, shi ne ya nuna min. Yana da nauyi, wasan ya koma tafiyar hawainiya, amma ya kai ni layin. Yanzu kowane mamba ina ba shi ƙima a inda na ayyana shi, `int index = 0;`.

Ƴar_Lissafi

Af, masu amfani da laburaren zane na SFML: `sf::Sprite` manuni kawai yake riƙewa zuwa `sf::Texture`. In kun haɗa su a kilas ɗaya kuka kwafa, kar ku yi mamakin farin murabba'i a allo.

Sabon_Hannu

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na sa `= delete` kamar yadda Malam ya ce, kwamfaila ta kawo ƙorafi a wuri uku. `push_back` na san da shi. Sauran biyun ban taɓa zato ba: wani aiki da ke karɓar `Animation` ba tare da `&` ba, da kuma `for (auto a : dodanni)` da nake kira sau 60 a daƙiƙa. Na koma `std::vector<Frame>`, na cire distirakta, faɗuwa ta tsaya.

Saura abu ɗaya. Ina da `LoopAnimation` da ya gaji `Animation`. Yanzu ba ya faɗuwa, amma da na sa shi a jerin sai ya yi zagaye ɗaya ya tsaya.

Tsohuwar_Zuma

An yanke masa jela ne. Jerin `Animation` ba ya ɗaukar abin da ɗan ya ƙara, ɓangaren uban kawai yake kwafa. Mai da shi `std::vector<std::unique_ptr<Animation>>`, ka sa wa uban distirakta mai `virtual`, in kana buƙatar kwafi ka rubuta `clone()` a kowane ɗa. Gwada ka dawo mana da labari.