Na'urar daidaita inji ta ƙi karɓar babur na biyu

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana babur mai kwamfuta, wato wanda ba shi da kafireta.

Ni da ƙanena muna da babura iri ɗaya, kuma mun haɗa kuɗi mun sayi na'urar da ake jonawa da kwamfutar babur domin a sauya yawan man da ke haɗuwa da iska a cikin inji. Na fara amfani da ita a nawa bayan na canza salansa, kuma harbin da yake yi idan na saki totur ya daina. Da muka jona ta a nasa, sai ta nuna zafin inji da lambobin matsala, amma ta ƙi rubuta sabon tsari, domin ta riga ta ɗaure kanta da lambar jikin babur ɗina mai haruffa da alƙaluma 17.

Shin idan na mayar da nawa kan tsarin kamfani na'urar za ta saki lambar jikinsa ta karɓi babur ɗin ƙanena, ko kuwa dole ne mu sayi lasisi na biyu? Abin da ya fi damuna shi ne, nasa yana ɗaukar zafi sosai saboda ƙarancin fetur ɗin da ke haɗuwa da iska a cikin inji, kuma ina tsoron kada bawul ya ƙone kafin mu samu mafita.