Saman mat'am ɗinmu yana yoyo, PVC zan sa ko TPO ko baƙar roba?

Baban Iman, Jidda
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu sanin harkar azil, wato shimfiɗar hana yoyon ruwa a saman gini, ku taimaka min da shawara. Ni nake kula da ginin mat'am ɗinmu nan wajen Hindawiyya, gaba wajen cin abinci baya kicin da sito, saman kuwa dakin ne na kankare zai kai murabba'in mita 600. Azil ɗin da ke kai na kwalta ne irin wanda ake gasawa da wuta, ya tsufa duk ya tsattsage, tun ruwan nan na Nuwamban 2022 da ya cika Jidda muke fama, duk shekara sai an yi faci an biya kuɗi amma da hadari ya sauka sai ka ga yana ɗiga kan buhunan shinkafa. Yanzu mai wajen ya ce in nemo abin da za a yi sau ɗaya a huta. Mukawil, wato ƴan kwangila, uku na kira kowa da bakinsa, ɗaya ya ce PVC wata farar shimfiɗa kamar leda mai kauri, ɗaya ya ce TPO ya fi sauƙin kuɗi kuma shi ma fari ne, na ukun ya ce EPDM wata baƙar roba wai ta fi su daɗewa. Duk shimfiɗa ɗaya ce ake yi ba ninki biyu ba. Wlh kaina ya ɗaure, kuma amana ce aka ba ni bana son in jefa kuɗin mutum a ruwa.

Abu Sadiƙ
Wa alaikumus salam. Ni aikina kenan, amma kafin in ce komai, bututun da ke fitar da hayaƙin kicin a saman yake zubarwa? Kuma mukaif, wato na'urar sanyaya ɗaki, nawa ne a kai?

Baban Iman
Eh a sama yake, guda biyu ne ma, kewayensu duk maiƙo ne har santsi yake. Mukaif manya shida da tankin ruwa biyu.

Abu Sadiƙ
To ka ga wannan maiƙon shi ne ya yanke maka hukunci Baban Iman. EPDM roba ce mai kyau babu ƙarya, tun shekarun 1960 ake shimfiɗa ta a Amurka kuma rana bata cinye ta da wuri, amma ita da mai basa ga maciji, kitse da man girki in suka zauna mata sai ta kumbura ta yi laushi. Sannan haɗinta da gam da tef ake yi, in wajen da ƙura ko mai aikin ya yi gaggawa nan ne zai fara buɗewa, kuma ka san ƙurar garin nan. TPO shi da iska mai zafi ake narka bakinsa a haɗe ya zama abu ɗaya, da a ce mustauda ce ta kaya ko shago shi zan ce ka sa ka rage kuɗi, amma shi ma baya jure kitse yadda PVC yake jurewa. Wajen abinci PVC ake sawa, ya fi tsada amma shi ne na wajen. Kada ka yarda da mai kaurin milimita 1.2, ka ce 1.5 ko sama tunda masu gyaran mukaif kullum suna hawa.

Sai dai abu ɗaya da nake roƙonka ka riƙe, PVC baya shiri da kwalta ko kaɗan. Akwai sinadarin da ke sa shi laushi, in ya kwanta kai tsaye kan tsohon azil ɗinka kwaltar zata riƙa tsotse sinadarin a hankali har ya bushe ya fara karyewa kamar tsohuwar leda. Haka ma farin soson nan na hana zafi, polistarin. Dole ko a kankare tsohon gaba ɗaya ko a shimfiɗa ƙyallen rabuwa mai kauri a tsakani, wanda ake ce wa jiyotekstail. Duk mukawil ɗin da bai ambaci wannan da kansa ba ka sallame shi.

Ɗan Sharar Mansur
Malam me zai hana ka fesa kumfar nan mai daskarewa kawai, mu ita muka yi a gidanmu nan Makka kwana biyu an gama, ga sanyi ga hana ruwa.

Abu Sadiƙ
Ta gida daban ɗan uwa. Kumfa sai an riƙa sabunta fentin da ke kare ta daga rana, kuma saman da ake jan silinda da tsani a kai bata daɗewa, ga tantabaru suna saranta.

Muhandis, Riyad
Na goyi bayan Abu Sadiƙ a kan PVC, amma ni abin da ya fi damuna ko ɗaya a cikin mutum ukun nan akwai wanda ya hau ya duba gangaren ruwa? Yawancin samman da nake gani a ƙasar nan ba azil ne ya fara kashe su ba, ruwa ne ke kwanciya saboda babu gangare ko magudanar ta toshe da yashi da leda, tunda sai a yi wata da watanni babu ruwan sama kowa ya manta da ita, ranar da ya zo kuma ya zo da yawa, wancan na 2022 da ka ambata kusan milimita 179 aka auna a kudancin Jidda cikin awa shida. A gyara gangare ya kai kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari zuwa bakin magudana, a kuma fasa ƙofar ko-ta-kwana ta fitar ruwa a jikin katanga.

Ni da zan zaɓa kankare tsohon zan yi. Shekara da shekaru yana yoyo, tabbas akwai laima a ƙarƙashi, in ka rufe ta rana ta buga sai ta zama tururi ta riƙa tayar da ƙuraje. A bar dakin ya bushe sosai tukuna. Batun ɗaurewa kuma hanya uku ce, a manna da gam, a ɗaure da kusoshi, ko a danne da tsakuwa. Ta tsakuwa ka yi lissafi, kaurin santimita 5 yana kai kilo 80 a kowace murabba'in mita, a naka kusan tan 48 kenan a kan tsohon gini, sai injiniya ya duba ya yarda. In babu wannan a manna a bar shi fari a fili, yana mayar da hasken rana kicin ɗinku ma zai rage zafi, amma fa sai ana wankewa don ƙura tana dusashe farin.

Maman Walid
Allah ya saka muku. Ni dai abin da ya same mu zan faɗa, mun yi sabo fes a wajen da muke girkin biki, ko wata uku bai yi ba masu dish suka hau suka huda da direla babu wanda ya sani sai da ruwa ya zo, da muka kira kamfanin suka ce garantin ya faɗi tunda wani ya taɓa. Ƙanina ka sa kwaɗo a ƙofar saman nan makulli a aljihunka.

Abu Sadiƙ
Gaskiya ne Hajiya, shi ya sa ake shimfiɗa hanyar takawa daga ƙofa zuwa kowane mukaif. Ranar aiki kuma ka tsaya da kanka, ka ga sun zo da injin haɗi mai tafiya da kansa irin na Leister don dogayen layuka, na hannu na lungu ne da kewayen bututu. Bayan ya huce a bi kowane haɗi da ƙarfe mai tsini, inda ya shige a sake. A jikin katanga ya hau aƙalla santimita 15, ni 30 nake yi, a danne bakinsa da ƙarfe. Ƙarƙashin bututun hayaƙi a sa tire mai tare maiƙo ko da PVC ne. In an gama a toshe magudana a cika ruwa awa 48 kana duba silin daga ƙasa, sannan ka biya cikon kuɗi. Kuma ka yi kafin bazara, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga 12 zuwa 3.

Baban Iman
Jazakumullahu khairan, wlh kun sauke min nauyi. Yanzu na kira mai PVC ɗin na tambaye shi tsohon kwaltar fa, sai ya ce a kai zai shimfiɗa ba komai, na ce to na gode. Gobe in sha Allah zan kai wa mai wajen maganar kankarewa da gangare. Abu Sadiƙ in kana da sarari ranar Asabar bayan la'asar dan Allah ka zo mu hau ka gani da idonka, shinkafar mandi na wuyana.