Shawarwarin waɗanda suka je Telc

Waɗanda suka taɓa zuwa Telc, ƙaramin garin kasuwa a ƙasar Cek, bakinsu ya zo ɗaya: kwana guda ya isa, amma a kwana a can. Da hantsi motocin 'yan yawon buɗe ido kan cika dandalin tsakiyar garin, sai da yamma yake komawa hannun mutanen gari.

Dandalin shi ne abin kallo. Bayan gobarar 1530 aka sake gina gidajen da dutse, kowanne da launinsa, da rumfuna a jere. Hukumar UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 1992.

Kan shiga fādar Zakariyas na Hradec, basaraken da ya mallaki garin a da, aka yi saɓani. Wasu suka ce zagaya tafkuna uku da ke kewaye da garin ya fi. Ni ma da su nake.